Anacha Na Jiran Dogo, Amma Daga Ina Zai Ɓullo?

Duk wanda ya san unguwar Coal Camp a birnin Inugu ya san cewa kwal da jirgin ƙasa su ne suka haife ta. A shekarar 1909 aka gano kwal a duwatsun Udi, sai Turawan mulki suka kafa tashar jiragen ruwa a Fatakwal, suka shimfiɗa titin dogo daga can, wanda ya iso Inugu a 1916. Leburorin haƙar kwal aka fara yi wa masauki a wannan unguwa. Da aka miƙa dogon zuwa Arewa, ya sadu da Kafanchan a 1927, aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai fatake suka yi ta kwararowa da shanu da kayan abinci. A cikin irin waɗannan baƙi ne aka sami Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda ya zama Magajin Garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Amma Anacha, wadda tsakaninta da Inugu kimanin kilomita 100 ne, ba ta taɓa jin kukan jirgi ba. Dalili kuwa a fili yake. Bature bai shimfiɗa dogo don jin daɗin 'yan kasuwa ba, sai don ya kai kwal da kuza da gyaɗa bakin teku. Anacha tana gaɓar kogin Kwara, jiragen ruwa na biya masa bukata, saboda haka ya kauce mata. Yau sufurin kogi ya ja baya ƙwarai, gari kuwa ya bunƙasa har kasuwarsa ta shiga sahun mafiya girma a Afirka ta Yamma, amma duk abin da ya shige ta ko ya fita, a bayan mota yake tafiya. Gadar Kwara ta 1965 da sabuwar da aka buɗe a 2023, babu wadda aka ɗora wa dogo.

Alkawari dai an sha yi. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Sin a kan dogon bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 1,400. A 2021 Majalisar Zartaswa ta amince da kwangilar a kan dala biliyan 11 da ɗoriya, kuma a cikin zanen akwai reshe da zai taso daga Benin ya biyo ta Asaba ya shiga Anacha. A watan Maris na wannan shekara ta 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sabunta tsohon dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443. Abin da ido ya gani shi ne a 2024 jirgi ya koma zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba, tafiyar da ta ɗara kilomita 60 kaɗan.

To, abin tambaya a nan shi ne, wane dogo ne zai amfani mutanenmu da ke zaune a Anacha da Inugu da Fatakwal? Cinikinsu ba tsakanin gabas da yamma yake ba, tsakanin Arewa da Kudu yake. Shanu da awaki da albasa da wake da busasshen kifi su gangaro, manja da garin rogo da kayan gyaran mota su haura. Reshen da zai haɗa Anacha da Ikko abu ne mai kyau, amma ba zai ɗauko ko da akuya ɗaya daga Gombe ba. Abin da zai yi wannan shi ne gajeren reshe daga Inugu zuwa Anacha, wanda zai jingina da babban dogon Gabas bayan an farfaɗo da shi har Makurɗi da Kafanchan da Bauchi. Irin wannan reshe ba zai yi nisa da kasuwar shanu ta Ugwuoba ba, kuma ba ya bukatar a tsallake Kwara, watau an huta da gina gada mai cin kuɗi.

Akwai kuma wata matsala da ya kamata a warware tun ba a kafa ƙusa ba. Tsohon dogon Gabas mai ƙaramin faɗi ne, milimita 1,067, shi kuwa na bakin teku an tsara shi a kan babban faɗi, milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna. Taragon wannan ba ya hawa titin wancan. Idan aka bar su haka, lalle ne a yi ta sauke kaya ana sake lodi a duk inda suka haɗu. Mai buhun wake zai iya jurewa, amma mai tumatir da mai dabbobi asara za su tafka, gama kayansu ba sa jiran lebura.

Wanda ya taɓa rakiyar shanu a bayan tirela daga Potiskum zuwa Kudu ya san abin da ake magana. Kwana da kwanaki a hanya, ga shingayen masu karɓar haraji, ga haɗari, ga dabba ta iso a rame. Duk wannan ɗawainiya a kan mai saye take ƙarewa, ko Bahaushe ne ko Ibo.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin fatake su haɗa baki da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Anacha da Nnewi, su tunkari wakilansu a Majalisar Tarayya da buƙata guda: a gama dogon Gabas, a fitar da reshen Anacha daga Inugu, a kuma daidaita faɗin titi. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. Kilomita 100 da jirgi ke bi sun fi dubu da ke kwance a takarda.

Allah Ya sa masu mulki su ji, su kuma aikata.