Shirin Komawa Makaranta Tun Watan Agusta: Fa'idodi da Illoli

A gidanmu akwai wata tsohuwar gardama tsakanina da maiɗakina, wadda takan taso da zarar an ba da dogon hutu a ƙarshen watan Yuli. Ita a ganinta, ranar da yara suka kawo sakamakon zango na uku, a ranar ya kamata a fara shirin komawa. Ni kuwa na daɗe ina cewa a bari mu sha iska tukuna, Satumba ai da sauran tafiya. Yara huɗu ke gabanmu: biyu a firamare, ɗaya a ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, babbar kuma tana makarantar kwana. Mun gwada hanyarta, mun gwada tawa, kuma kowacce ta taɓa fisshe mu, ta taɓa kuma jefa mu a rami.

Bari in fara da inda ta fi ni gaskiya, wato wajen tela. Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin yunifom ana saura mako ɗaya a koma ya san wulaƙancin da ke ciki. Shagon da a tsakiyar Agusta za ka tarar da maigidan yana gyangyaɗi a kan keke, shi ne a makon farko na Satumba zai cika da yadi har bakin ƙofa, kamar jajibirin sallah. Zai karɓi aikinka, don tela ba ya cewa a'a, amma sai ka yi sawu uku kafin ka ga wando ɗaya, shi ma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wata shekara da aka bi shawarata, ɗana ya yi kwana huɗu yana zuwa aji da tsohuwar riga mai ɓallallen maɓalli. Da na je yin faɗa, telan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Alhaji, da ka kawo tun wancan watan, da har guga zan yi maka kyauta." Ban sami abin cewa ba. Wanda ya shiga Kantin Kwari a farkon Agusta ya yanko yadi, ya biya Sabon Gari ya ɗauki sandal da safa da jaka, yana da lokacin zaɓe da lokacin taya kaya. Mai zuwa a ƙurarren lokaci kuwa, ɗan kasuwa na ganin idonsa ya san ba shi da wurin gudu.

Sai maganar farashi, wadda a shekarun nan ta zama babbar hujjar masu shiri da wuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin da ke ajiye ya zama kamar ƙanƙara a rana. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. A farkon Satumbar 2024, ana dab da komawa makaranta, litar fetur ta tashi daga naira 617 zuwa sama da 850, kuma kafin mako ya zagayo kuɗin adaidaita sahu da na dakon kaya sun bi ta. Wanda ya sayi dozin ɗin littafin rubutu a watan Yuli ya ci riba ba tare da ya yi kasuwanci ba. Takarda da biro da sabulu da man shafawa ba sa lalacewa a wata biyu, kuma ba na jin akwai wanda ya ga farashinsu ya sauko saboda an buɗe makarantu.

Shiri da wuri yana kuma rarraba nauyi. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, ba zai iya fitar da kuɗin makaranta da yunifom da littattafai da kuɗin tara daga albashin wata ɗaya ba, ko da yaro ɗaya gare shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, amma ko a makarantar gwamnati uba ya san takalmi da littafin rubutu da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai daga aljihunsa za su fito. Idan aka raba sayayyar gida uku, Yuli da Agusta da Satumba, sai a sha ta kamar magani mai ɗaci, cokali-cokali.

Nan ne adashi ke shigowa, kuma a nan ne na fara ganin cewa kowace fa'ida tana tafe da 'yar'uwarta a goye. Maiɗakina na cikin adashin mata goma, kowacce na zuba naira 10,000 a wata, mai ɗauka ta kwashi 100,000. Tun a Janairu takan roƙi uwar adashi a ba ta ɗaukar Agusta. Tsari ne mai kyau, ya sha rufa mana asiri, don kuɗin da ke hannun uwar adashi ba ya tafiya a biki ko a cefane. Matsalar ita ce duk matan goma 'ya'ya gare su, kuma kowacce Agusta take so. Wadda ƙuri'a ta jefa a Oktoba, adashin bai yi mata maganin komai ba. Wadda ta fara zubi a Janairu ta ɗauka a Agusta kuwa, a shekara irin 2024, ta zuba kuɗi mai nauyi ta kwashi marar nauyi. Ga kuma wadda za ta ɗauka da wuri ta fara ɓuya idan an aiko karɓar zubi. Mun taɓa gamuwa da wannan, aka ba mu kuɗinmu da giɓin mutum biyu, sauran sai da aka yi wata guda ana kai ruwa rana.

Babbar asarar da shiri da wuri ya taɓa ja mana, a kan littattafai ne. Wata shekara maiɗakina ta karɓi jerin littattafan aji biyar daga wata maƙwabciya da ɗanta ya gama ajin, ta je ta sayo su cif. Aka koma makaranta, sai ga sabuwar takarda: an sauya na Turanci da na lissafi da na kimiyya, kuma a ofishin makarantar kaɗai ake sayar da sababbin. Mai shago ya ce kayan da aka saya ba a dawowa da su. Har yau suna nan a saman sif suna shan ƙura. Wannan ɗabi'a ta sauya littafi duk shekara, da buga littafin karatu mai wurin rubuta amsa a ciki don kada ƙani ya gaji na wansa, ta yi ƙamari a makarantun kuɗi har wasu jihohi suka fara tsawatarwa. Jihar Imo ta hana sauya littattafai duk shekara a 2025. A 2025 ɗin dai gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu dab da buɗe makarantu, ta rage yawan darussa, ta kuma dawo da tarihin Najeriya a matsayin darasi na dole. Uban da ya riga ya kashe kuɗinsa a Yuli, ba wanda ya shawarce shi. Hausawa sun ce da safe ake kama fara, amma su ne dai suka ce sauri ya haifi nawa, kuma a kan littafi na biyun ne ya fi kama ni.

Ƙafar yaro ma ba ta jiran kowa. Ɗan shekara goma sha biyu zai iya ƙara lamba guda ta takalmi a cikin dogon hutu ɗaya, musamman in ya je ƙauye ya sha fura. Maganin da iyaye suka samo shi ne a sayi wanda ya fi ƙafar girma, sai ka ga yaro yana jan sandal kamar kwale-kwale, kafin ƙafar ta cika shi ya riga ya tsinke.

Ranar komawar ita kanta ba tabbas gare ta ba. A Satumbar 2024 gwamnatin Kano ta ɗage buɗe makarantu ana dab da komawa. A Maiduguri, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga watan, ruwa ya mamaye gari, aka rufe makarantun da ba su daɗe da buɗewa ba. A Nijar, inda ake komawa a Oktoba, ambaliya ta sa aka ɗage daga 2 ga wata zuwa 28, saboda azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma waɗanda ruwa ya raba da gidajensu ne ke kwana a ciki. Yadi da biro za su jira. Amma wanda ya haɗa wa 'yar makarantar kwana garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da madara, ya kulle a akwati a cikin damshin marka, zai buɗe ya tarar rabin kayan sun yi fumfuna, ɗaya rabin kuma ƙannenta sun yi masa ɓarna.

Kuma duk wannan magana ce ta ɗan albashi. Ƙanena manomi ne, kuma in na ce masa ya fara sayayya a Agusta dariya zai yi mini. Agusta ne watan da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, ɗan abin da ke hannu ya tafi a taki da kuɗin 'yan ƙwadago. In ya dage sai ya yi shiri a lokacin, to ko dai ya sayar da akuya a farashin wulaƙanci, ko ya ci bashin da zai biya da hatsi a kaka, lokacin da hatsin ya fi arha. Gara yaronsa ya koma da tsohon yunifom a Satumba, a ɗinka masa sabo a Oktoba in an yi girbi. Na faɗi wannan ne don masu wa'azin tsari a rediyo sukan manta ba kowa ke jiran ƙarshen wata ba.

Akwai wani ɓangaren shirin da ba a kasuwa ake yin sa ba, kuma shi ne na fi yarda da shi yanzu. A hutu yara kan koma kwana ƙarfe goma sha ɗaya, su tashi bayan hantsi. In ba a fara ja da lokacin barcin baya ba tun saura kwana goma, makon farko zai zama na kuka da makara da bulala a bakin get. Haka lafiya: Agusta zuwa Oktoba ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a ƙasarmu, don haka duba gidan sauro, da ɗinke inda ya yage, da saya wa 'yar makarantar kwana nata, ya fi sabuwar jaka amfani. A wajen irin wannan duba lafiya ne muka gano autarmu ba ta ganin allo sosai, bayan shekara guda ana ce mata ba ta da ƙoƙari. A lokacin ne kuma ake neman takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ga mai shiga aji ɗaya, a yi ciniki da ɗan sahun da zai riƙa ɗaukar yara kafin kujerunsa su cika, a kuma zauna a daidaita lokacin boko da na Islamiyya don kada yaro ya dawo ƙarfe biyu ya fita ƙarfe biyu da rabi da abinci a baki. Duk wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma babu hedimastan da zai aiko da takarda ya soke shi.

Sai dai ko a nan ana wuce gona da iri. Wasu gidajen sun mayar da hutu zango na huɗu. Ana ba da hutu ranar Juma'a, Litinin yaro ya fara lesin, a biya wani kuɗin, ya ci gaba da zama a benci ɗaya gaban malami ɗaya har Satumba. Ga yaron da ke da rauni a lissafi ko mai fuskantar jarrabawar fita, wannan na da amfani. Ga ɗan aji biyu na firamare kuwa, an dai ƙwace masa damina ne kawai. Mu a hutun nan muka koyi noma da kiwo da zaman kasuwa, muka san kakanninmu da 'yan'uwan da ke ƙauye. Na ga yaran da suka koma sabon aji a gajiye tun ranar farko, kamar waɗanda aka yi wa aikin gayya a kansu.

Ga kuma gasa, wadda ba a cika son faɗinta ba. Idan aka fara sayayya da wuri, ana samun lokacin leƙa na maƙwabta. Jaka mai taya, kular abinci mai hawa uku, gorar ruwa mai hoton 'yar tsana, duk su shiga lissafi alhali ba sa cikin takardar makaranta. A gidan da ke da mata biyu abin ya fi tsanani, don in an saya wa ɗakin nan sabon sandal a Agusta, ɗakin can ba zai karɓi bayanin cewa nasu bai tsufa ba. Na san magidancin da ya bar sayayya sai daren komawa da gangan, ya shigo da komai a buhu ɗaya ya zube a tsakar gida, don kawai kada a sami kwanakin yin ƙorafi. Wani abin da na lura da shi a gidana kuma, in aka ce a tsara gida, a kan babbar 'ya nauyin ke sauka: ita ce wankin yunifom, ita ce guga, ita ce rubuta suna a littattafan ƙanne, har ta rasa lokacin haɗa nata akwatin. Sai da mahaifiyarta ta raba aikin a bayyane, ta ce kowa ya wanke safarsa, sannan yarinyar ta sami sarari.

Bana mun yi sulhu. Yadi ya tafi wurin tela tun makon farko na Agusta, tare da gargaɗin ya bar ninki a ƙafar wando. Littattafan rubutu da sabulu suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Takalmi sai saura mako ɗaya, kayan ci na 'yar makarantar kwana sai an tabbatar da ranar tafiya. Kuɗin littattafan karatu kuwa yana cikin ambulan, ba za a taɓa shi ba sai takardar makaranta ta zo da hatimi a kai. Da na miƙa hannu zan karɓi ambulan ɗin in ajiye, sai maiɗakina ta janye shi, ta ce, "Maigida, bar shi a wurina. Bara da ka ajiye, a gyaran mashin ya ƙare."