NA'URAR KUNNE: ME YA SA TA KE ƘAREWA A GINDIN AKWATI?

A ranar 3 ga watan Maris na kowace shekara ne duniya ke tunawa da masu matsalar ji. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ta ce mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako saboda raunin ji, amma daga cikin waɗanda na'urar kunne za ta yi wa amfani, kashi 17 cikin 100 kaɗai ke sa ta. Wannan magana ta shafi mutanenmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu ƙwarai, domin sana'o'in da su ka kawo mu nan masu cin kunne ne: injin niƙa, walda, tuƙin tirela, bugun ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, ga kuma janareto a ƙofar kowane shago. Masana sun ce ƙarar da ta kai awo 85 na desibel, in ana shan ta awa 8 kullum, tana lalata ji a hankali, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

To, ba rashin samun na'urar kaɗai ne matsala ba. Akwai waɗanda su ka saya, su ka sa ta mako biyu, su ka jefa a gindin akwati, har su na gargaɗin wasu kada su ɓata kuɗinsu. Ina laifin ya ke?

Raunin ji na tsufa ko na ƙara ba ya ɗauke sauti duka lokaci ɗaya. Siraran sautuka ya ke fara ci, irin su s da sh da f da ts, ya bar masu kauri. Shi ya sa za ka ji dattijo ya ce, ai ina jin muryarka, ganewa ce ba na yi. A ce masa fata, ya ji sata. Na'urar gaskiya, sai an gwada kowane kunne an ga inda jin ya faɗi, sa'an nan a daidaita ta ta ɗaga waɗannan sautukan kawai. Ita kuwa 'yar arahar da a ke ɗauka a kan tebur a kasuwa, amsa-kuwwa ce kurum, komi ɗagawa ta ke yi. Mutum ya sa ta a tsakiyar kasuwar Anacha, hon ɗin mota da ihun 'yan dako su cika masa kai, maganar mai ciniki kuwa ta ɓace. Dole ya cire. Kuma sau da yawa ma ba na'ura ya ke bukata ba, dattin kunne ne ya toshe, ko ciwon kunne mai zubar da ruwa, waɗanda likita ke magancewa.

Ko wanda ya sami ta asibiti, aiki bai ƙare ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru tana ɗaukar makonni kafin ta saba, kuma sai an koma an sake daidaitawa. A nan ne baƙo ke faɗuwa. An yi masa bayani da Turanci ko Burokin, ya gyaɗa kai don kunya, ranar komawa kuma ta same shi a kan hanyar Arewa da kaya. Ga batir ɗinta ɗan mitsitsi, kwanaki kaɗan ya ke yi, kuma tun da a ka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 duk abin da a ke shigowa da shi ya yi tsada. Ga danshin Fatakwal da gumi, abokan gabar na'ura. Ga 'yan tsokana a majalisa, da zarar sun hango ta a bayan kunne sai a laƙaba wa mutum kurma, alhali ba wanda ke ce wa mai tabarau makaho.

A ganinmu, Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su na da aikin yi. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, da na Ituku-Ozalla kusa da Inugu, da na Nnewi wanda ba shi da nisa da Anacha. Ba abin da zai hana a tara masu bukata, a haɗa su da tafinta mai jin Hausa, a kai su gwaji tare, a kuma rubuta ranar komawa a wurin sakataren ƙungiya. Wanda kuma ya fi son gida, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda a ka kafa a 1999. Sai dai kafin ya biya kuɗi a can, ya tambaya wa zai duba masa na'urar in ta fara fito bayan ya dawo Kudu, da kuma lambar batir ɗinta, ko 312 ce, ko 13, ko 675, don ya sayi na wata shida ya taho da shi.