Shiga Zangon Biki Shiga Aiki Ne

Duk shekarar da aka tsai da ranar bikin kamun kifi na Argungu, akan ga samari daga Jabo da Tambuwal da Kebbe, cikinsu har da malaman makaranta da akawuna da ɗaliban manyan makarantu, sun cika motoci sun nufi gaɓar Matan Fada. Sukan isa da hantsi, su kutsa cikin taro, su ɗaga wuya su hangi masunta suna faɗawa ruwa da homa da gora, kafin almuru kuma sun kamo hanyar gida. In aka tambayi ɗayansu abin da ya kai wa bikin, ba zai iya nuna komai ba sai kuɗin mota; abin da ya komo da shi kuwa bai wuce hotuna a waya da ƙura a riga ba. Irin wannan zuwa biki ya kamata a sake dubawa, domin kuwa biki na masu yinsa ne, kuma hanyar da mutum zai bi ya zama ɗaya daga cikinsu ita ce ya shiga zango, ya karɓi aiki a cikinsa.

Misalin da ya fi fitowa fili a wannan zamani yana can Amurka. A Jihar Nebada akwai wata hamada mai suna Black Rock, inda ake yin wani bikin fasaha da kaɗe-kaɗe da ake kira Burning Man daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Satumba. An fara shi ne a 1986 a bakin teku a birnin San Faransisko, inda wani mai suna Larry Harvey da abokinsa suka ƙona mutum-mutumin katako a gaban 'yan mutane kaɗan, sa'an nan a 1990 aka mai da shi cikin hamada. Daga baya ya girma har mutane wajen 70,000 suke haɗuwa, su kafa gari sukutum a fili fetal inda babu rijiya, babu itace, babu inuwa, bayan mako guda kuma su tayar da shi baki ɗaya. A cikin wannan gari an hana saye da sayarwa, in ban da 'yan abubuwa ƙalilan kamar ƙanƙara. Kowa da guzurinsa yake zuwa, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce mutum ya tanadi galan ɗaya da rabi na ruwa domin kowace rana.

Abin da ya riƙe wannan gari shi ne zango-zango, waɗanda yawansu ya haura dubu. Kowane zango ƙungiya ce ta mutane, daga goma har zuwa ɗaruruwa, waɗanda suka yi shawara tun watanni kafin biki a kan kyautar da za su yi wa jama'a: waɗansu shayi, waɗansu gyaran keke, waɗansu kiɗa, waɗansu kuwa inuwa kawai da tabarmar hutawa. Sai sun rubuta wa shugabannin bikin bayanin abin da za su yi kafin a yanka musu fili. Wanda yake son shiga zango sai ya nemi mutanensa, su yarda da shi, ya ba da nasa kason na karo-karo, kana a rubuta sunansa a jerin masu aiki, watau ranar da zai yi girki, da ranar da zai kafa rumfa, da ranar da zai kwashe shara. Ko ruwan wanke-wanke ba a yarda a zubar a ƙasa ba. Bayan an watse, ma'aikatan gwamnatin tarayya masu kula da filaye sukan zo su auna tarkacen da aka bari, kuma sakamakon wannan bincike yana cikin sharuɗɗan ba da izinin shekara mai zuwa.

Abubuwa biyu da suka auku a can sun isa darasi. Na farko, da masu hannu da shuni suka fara biyan maƙudan kuɗi a kafa musu zango, a dafa musu, a share musu, sai sauran jama'a suka yi ca, har a 2019 shugabannin bikin suka hana ɗaya daga cikin irin waɗannan zango wuri. Na biyu, a farkon Satumba na 2023 aka tafka ruwan sama, hamadar ta koma taɓo, aka rufe hanya, dubun dubatar mutane suka maƙale kwanaki, aka umarce su da su yi tattalin abinci da ruwa. A irin wannan rana kuɗin aljihu ba ya dafa tuwo. Wanda yake da maƙwabta da suka san sunansa, kuma suka ga guminsa, shi ne mai kwanciyar hankali.

Ba shakka a cikin wancan biki akwai abubuwa da dama waɗanda ba su dace da addini da al'adun mutanen ƙasar nan ba, tun daga shigar da ake yi har zuwa shaye-shaye, kuma babu mai hankalin da zai ce a kwaso su. Abin lura shi ne tsarin zangon kansa, wanda in aka duba da kyau za a ga ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 kasuwar Jega, wadda take maƙwabtaka da Tambuwal, tana cikin manyan matattarar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yakan yi watanni a hanya, kuma ba a tafiya kara zube. Akwai madugu mai riƙe da ragamar tafiya da yin magana da sarakunan hanya, akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka, akwai uban dawaki mai taimaka wa madugu wajen tattara kuɗin fito da tsare ƙarshen ayari. In aka sauka zango, mai ɗebo ruwa ya san kansa, mai yo itace ya san kansa, haka mai kiwon jakuna da mai gadin dare. Falken da ya ce shi kuɗinsa ne zai yi masa aiki, ba ya sake samun abokan tafiya. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin da ake kira zango a Kumasi da Ankara da sauran garuruwan Gana suka samo sunansu.

Har yanzu ma wannan tsari yana nan a arewacin Jamhuriyar Nijar. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani Wodaɓe sukan taru a Ingal, yamma da Agadas, domin bikin lasar gishiri, inda dabbobi suke samun ciyawa da ruwa masu gishiri, mutane kuma su yi tseren raƙuma da raye-raye da ƙulla aure da sasanta tsakani. Kowane dangi da zangonsa, kowane zango da masu shayar da dabbobi, da masu dakan gero, da masu tarbar baƙi. Manyan baƙi sukan zauna a rumfar hukuma su yi jawabi su tafi, amma ainihin bikin yana can cikin zango-zango, inda babu wanda ya zo kallo kaɗai.

Wani dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne biki ba abin dogaro ba ne kullum. A ƙasar Mali an fara bikin kiɗa na hamada a 2001, ya yi suna a Essakane har mawaƙa irin su Ali Farka Ture da ƙungiyar Tinariwen suka yi wasa a cikinsa, daga baya aka matso da shi kusa da Tambutu, amma tun bayan na Janairun 2012 yaƙi ya hana a sake yin sa a wurin. Bikin Argungu ma, wanda ya samo asalinsa na zamani daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 domin ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi, ya tsaya bayan na 2009, ba a sake yin sa ba sai a 2020, ko da yake a tsakanin nan, a 2016, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Shekara goma ta ishi yaro ya girma bai taɓa ganin yadda ake abu ba. Sana'a ko kiɗan da ba su da mai riƙe su sai ranar da gwamnati ta ware kuɗin biki, suna iya mutuwa a irin wannan tsaiko. Amma ƙungiyar da ta saba haɗuwa tana shirin zangonta, ko an ɗage biki tana nan da masaƙinta da makaɗinta.

Saboda haka abin da ya dace shi ne samarin Jabo, da takwarorinsu na Tambuwal da Kebbe, su kafa zangonsu na kansu a bikin Argungu, wanda bai wuce tafiyar 'yan sa'o'i a mota ba. A ce mutum talatin sun haɗu tun da kaka, sun zaɓi madugu da ma'aji da magatakarda, sun tsai da abin da zangonsu zai nuna. Ƙasar Sakkwato ba ta rasa abin nunawa ba: ga jimar fatar jan akuya wadda ta yi suna har ƙasashen waje, ga dukanci, ga ƙira, ga saƙa, ga kiɗan noma da na dambe irin wanda Ɗan Anace ya shahara da shi. Zango ɗaya ya kawo majemi da baduku su yi aikinsu a gaban jama'a, wani ya kafa randunan ruwan sanyi da fura kyauta ga duk mai wucewa, wani ya zaunar da dattawa su ba yara tarihin garuruwansu. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne, watau kowa ya ba da kuɗi gwargwadon ƙarfinsa, amma aiki babu wanda za a ɗauke wa.

A nan ne za a ji ƙorafi iri biyu. Ma'aikacin gwamnati zai ce matsayinsa ya wuce ɗaukar tulu, ya fi son ya ba da kuɗi a ɗauki yaro. Ɗalibi kuma zai ce aljihunsa babu nauyi. Amsar duka biyun ɗaya ce. Aikin gayya da iyaye suka gada bai taɓa tambayar mutum albashinsa ba. Fartanyarsa ake tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannun da ya tsaya a aljihu ba ya cikin lissafi. Ɗalibin da ba shi da abin karo-karo yana da ƙarfin kafa rumfa da ilmin rubuta lissafin zango. Babban akawun da ya kwana biyu yana wanke ƙwarya tare da ɗan masinjansa kuwa, zai koma ofis da sanin mutanensa wanda takardun fayil ba za su ba shi ba. Daɗin daɗawa, a wannan lokaci da rashin tsaro ya taɓa sassa da dama na Jihohin Sakkwato da Kabi, zangon da kowa ya san kowa, aka kuma rubuta sunayen masu kwana a cikinsa, ya fi taron yuyuyu sauƙin tsarewa.

Su kuma ƙananan hukumomi da majalisun sarakuna da kwamitin shirya biki, abin da ake bukata daga gare su kaɗan ne: su yanka fili, su kawo tankin ruwa, su haƙa makewayi, su ba da 'yan sanda, sa'an nan su duba wurin bayan an tashi, duk zangon da ya bar ƙazanta a hana shi fili baɗi. Kada su raba kuɗi, domin ranar da aka fara rabon kuɗi, ranar ce za a ga zango na takarda sun fi na gaskiya yawa, 'yan kwangila kuma su maye gurbin masu aikin sa kai.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk wanda ya yi niyyar zuwa biki mai zuwa, ya fara tun yanzu da neman abokan zango, ya kuma tambayi madugu aikin da za a ba shi kafin ya tambayi inda zai shimfiɗa tabarmarsa. Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.