KO KUN SAN? Ɓacewar boka a fim daga wajen 'yan dabo ta samo asali

Duk mai kallon finafinan Hausa ya saba da wannan sin ɗin: boka ya na zaune cikin kogo da jan ƙyalle, ya ƙyalƙyale da dariya, sai ɓat! ya ɓace. Yara su ruɗe, wasu manyan ma su ce lallai akwai wani abu a ƙasa. To, babu komai a ƙasa sai dabara, kuma dabarar ta haura shekara 120 a duniya. Daga hannun masu wasan dabo ta shigo harkar fim.

Labarin ya faro ne daga wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Robert-Houdin, wanda aka haifa a 1805. Shi ne ya ɗauke dabo daga bakin kasuwa ya kai shi zauren wasa, ya riƙa fitowa cikin kwat kamar wani babban attajiri. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shi Aljeriya don ya karya kwarjinin malaman da jama'a ke bi wajen bijire wa Turawan mulkin mallaka. Kamar yadda ya rubuta a tarihin rayuwar sa, ya ajiye wani ɗan akwati, ya kira wani ƙato ya ɗaga shi cikin sauƙi. Daga nan ya ce ya zare masa ƙarfi. Ƙato ya yi ta nishi, akwati ko motsi. Sirrin? Gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin dandamalin kuma an ɓoye maganaɗisu mai aiki da lantarki. Kun ga yadda aka yi amfani da dabo wajen tsorata mutanen da aka mamaye wa ƙasa.

A 1888 wani matashi mai suna Georges Méliès ya sayi gidan wasan Robert-Houdin da ke Paris, ya ci gaba da dabo a ciki. Ya na daga cikin waɗanda su ka ga majigin 'yan'uwan nan Lumière a Disambar 1895, kuma tun daga ranar fim ya shiga ran sa. Shi da kan sa ya ba da labarin cewa wata rana ya na ɗaukar titi sai kyamara ta cije. Kafin ya gyara, ababen hawa sun shige, wasu sun zo. Da ya kalli fim ɗin sai ya ga motar haya ta rikiɗe ta koma motar ɗaukar gawa! A 1896 ya yi fim inda ya ɓatar da wata mata a kan kujera: a tsaida kyamara, matar ta tashi ta fita, a ci gaba da ɗauka. Wannan ita ce ɓacewar bokan ku, ba ƙari ba ragi.

Méliès ya yi finafinai sama da 500, ciki har da na tafiya duniyar wata a 1902. Amma ƙarshen sa akwai ban tausayi. Ya karye, a 1923 ya cinna wa tarin finafinan sa wuta don takaici, ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. Ya rasu a 1938.

Shahararren nan Houdini fa? Sunan sa na yanka Erik Weisz, haifaffen Budapest a 1874, kuma daga Robert-Houdin ya aro sunan. Shi ma ɗan fim ne, don ya fito a 'The Grim Game' a 1919.

Akwai kuma Chung Ling Soo, wanda ya shekara da shekaru ya na wasa a Ingila a matsayin ɗan Sin, har da tafinta ya ke ganawa da 'yan jarida. Ashe Ba'amurke ne mai suna William Robinson. A Maris 1918 a Landan, ya na wasan cafke harsashi, bindigar da aka yi wa dabara ta samu matsala, harsashi na gaske ya fito ya same shi a ƙirji. Washegari ya ce ga garin ku nan. Da ya na da maganin bindiga, ai da ranar ya yi masa rana.

Masoya Indiya, ga naku. A 1956 P.C. Sorcar ya fito a talbijin ɗin BBC kai-tsaye, ya raba mataimakiyar sa gida biyu da zarto. Kafin ya haɗa ta lokacin shirin ya ƙare, aka yanke. Nan fa Turawa su ka yi ta buga waya, su na zaton an yi kisa. Yarinya kuwa lafiyar ta lau.

Abin lura a nan, jama'a: mai dabo na gaskiya ya na karɓar kuɗin tikiti ne don ya burge ku, ba ya cewa aljanu ke masa aiki. Shi Houdini ma, shekarun sa na ƙarshe kafin mutuwar sa a 1926 ya ƙarar da su wajen tona asirin masu cewa su na magana da matattu su na wawure dukiyar mutane. Har ɓad-da-kama ya kan yi ya shiga zaman su.

Don haka idan wani ya tare ku a tasha ko kasuwa ya maida takarda kuɗi, ya ce ku kawo naku ya ninka, ku tuna da akwatin Aljeriya. Saurin hannu ne kawai. Ku yi kallo, ku tafa in ya burge ku, amma hannun ku na kan aljihu. Wanda ya iya ninka kuɗi, me zai yi da naku?

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.