Neman Jami'a A Ƙetare: Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo

Daga watan Satumba zuwa Janairu na kowace shekara, lokacin da jami'o'in Birtaniya da Amurka da Kanada suke karɓar takardun masu neman shiga, wata irin kasuwa takan ci a manyan biranen Nijeriya, tun daga Ikko da Ibadan har Abuja da Kaduna da Kano. Ofisoshi ne masu manyan alluna da tutocin ƙasashe, suna alkawarin gurbi da biza ga duk wanda ya zo da kuɗinsa. Iyaye kuwa sai tururuwa suke yi, wani ya sayar da gona, wani ya jinginar da gida, wani ya kwashe kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35, duk don ɗa ko 'ya su haye teku. Babu laifi ga wanda ya nemi ilmi a duk inda yake. Abin dubawa shi ne hanyar da ake bi wajen neman, domin a nan ne dukiyar gidaje da yawa take salwanta.

Ba a ga laifin iyaye ba. A shekarar 2025 yara kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, alhali guraben jami'o'in ƙasar nan ba su isa ɗaukar su duka ba. Wanda ya samu shiga ma bai tsira ba, gama ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 a 2022. Uban da ya ga karatun shekara huɗu yana neman komawa na shida, dole zuciyarsa ta raya masa waje.

Amma ya kamata a fahimci cewa zamani ya canja. A 1945, sa'ad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, da 1946 da Malam Aminu Kano ya bi sawunsa, hukuma ce ta zaɓa, ita ta biya, kuma aiki yana jiran mutum in ya komo. Tun daga 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗora wa ɗaliban ƙasashen waje biyan cikakken kuɗin karatunsu, baƙon ɗalibi a Birtaniya ya zama mai ciniki, jami'o'i da yawa kuma suka dogara da aljihunsa wajen gudanar da harkokinsu. Shi ya sa suke biyan dillalai la'ada a kan kowane ɗalibin da aka kai musu. To, dillalin da yake karɓa a wurin jami'a, ya kuma juyo ya karɓa a wurin uba, ina zai tura yaro in ba inda la'adarsa ta fi tsoka ba? Akwai dillalai masu gaskiya, ba a musu, sai dai uban da bai san yadda cinikin yake ba, ba shi da hanyar rarrabe su da 'yan damfara.

Abin takaici shi ne, aikin da ake biyan dillali maƙudan kuɗi a kansa bai fi ƙarfin yaron da ya gama sakandare ba. Mai neman digirin farko a Birtaniya yana bi ta hukuma ɗaya ce tak, wato UCAS, ya cika takarda ɗaya ta intanet, ya zaɓi darussa har biyar, kuma a 2025 kuɗin cikawar bai kai fam 30 ba. Mai son Oxford ko Cambridge, ko karatun likita, sai ya miƙa tasa kafin 15 ga Oktoba ya wuce, sauran kuwa wa'adinsu yana cikin Janairu. Ana bukatar sakamakon jarrabawa, da shaidar wani malami da ya san yaron, da bayanin da yaron zai rubuta a kan dalilinsa na son darasin. Jami'o'i da yawa ba su ɗaukar mai takardar WAEC kaɗai kai tsaye, sai ya yi shekara guda ta share fage, kuma wannan shekarar ma kuɗinta daban ne, abin da ba kowane dillali ne yake faɗa wa uba tun da fari ba. Waɗansu kuma suna karɓar kyakkyawan sakamakon Turanci na WAEC a madadin jarrabawar IELTS. Duk wannan yana rubuce a shafin kowace jami'a, kyauta, ga wanda ya yi haƙurin karantawa. A Amurka ma kusan haka abin yake: jami'o'i masu yawa suna karɓar takarda guda da ake kira Common App, wadda ta ɗauki yaro kuma ita za ta aiko masa da takardar I-20 da zai tafi da ita ofishin jakadanci.

Bayanin nan da yaro yake rubutawa da hannunsa shi ne wurin da aka fi cutar da shi da sunan taimako. Dillali yakan ɗauko wani tsohon rubutu, ya sauya suna, ya aika. Alhali UCAS tana gwada kowane bayani da waɗanda aka taɓa aiko mata, in ta ga kama sai ta sanar da jami'a. Ko an tsallake wannan ma, ranar ganawa da jami'in biza yaron ne zai tsaya shi kaɗai, a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan jami'a da wannan darasi, ya rasa ta cewa, domin ba shi ya zaɓa ba.

Mafi muni shi ne takardun jabu. A 2023 ɗaruruwan ɗalibai 'yan Indiya suka fuskanci barazanar kora daga Kanada bayan an gano cewa takardun ɗaukarsu na farko ƙirƙirarru ne, kuma da yawansu sun ce dillali ne ya yi ba da saninsu ba. Tun daga Disamba na wannan shekarar hukumar shige da fice ta Kanada take tabbatar da kowace takardar ɗauka daga bakin makarantar da kanta. A Birtaniya wanda aka kama da yaudara a neman biza yana iya shan haramcin shiga na shekara 10, a Amurka kuwa haramcin yana iya zama na har abada. Sunan da za a rubuta a littafin haramci na yaro ne, dillali kuwa ya sake allo ya ci gaba da kasuwarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gadar da mafi yawa suke faɗawa a kanta. Uba yakan lissafa kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin jirgi, ya ga ya haɗa, ya ce sauran Allah zai kawo. Lalle Allah ne mai kawowa, amma ofishin biza lissafi yake so. Birtaniya tana bukatar a nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a cikin asusu, ga gwajin tarin fuka, ga harajin kiwon lafiya wanda aka mai da shi fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, kuma gaba ɗaya ake biyansa tun kafin a tashi. Kanada ta ɗaga abin da ɗalibi zai nuna na zama daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024. Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu, ita ma ta ƙayyade a Satumban 2024 cewa a ajiye Yuro 11,904 a wani asusu na musamman. Waɗanda suke aron kuɗi na 'yan kwanaki don su nuna wa ofishin biza, su mayar, kansu suke yaudara, gama haya da abinci ba su san aro ba. Aikin da ɗalibi zai yi ya taimaki kansa kuwa dokar Birtaniya ta tsai da shi a kan awa 20 a mako lokacin karatu, wanda da ƙyar yake riƙe ciki da ɗaki, balle kuɗin makaranta.

Ga kuma Naira. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen Naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A misali, uban da yake biyan dala 15,000 a shekara, wanda da yake neman ƙasa da Naira miliyan 7, ya wayi gari yana neman fiye da miliyan 22, albashinsa kuwa yana nan inda yake. A Mayun 2024 aka ba da labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila waɗanda aka dakatar da karatunsu, aka umurci waɗansu su bar ƙasar, saboda sun kasa cika biya a kan kari. Wanda zai tura ɗa karatun shekara uku ko huɗu, lissafin dukan shekarun ya kamata ya yi, kuma da kuɗin ƙasar da za a je, ya kuma bar sarari don faɗuwar Naira.

Dokokin ƙasashen ma ba a tsaye suke ba. A Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalinsu, Kanada ta ƙayyade yawan bizar ɗalibai a wannan watan, a Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya, a Disamban 2025 kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Labarin da maƙwabci ya bayar na yadda ɗansa ya tafi shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Haka nan sauƙin kuɗi ba ya maye gurbin zaman lafiya: a 2022 an kwaso ɗaliban Nijeriya daga Yukren, a 2023 kuma daga Hartum, da yawansu 'yan Arewa, bayan sun sha wuya a kan iyakar Masar.

Akwai tambayar da ya kamata ta riga kowace, amma ita ake bari a ƙarshe: shin Nijeriya za ta karɓi takardar in an komo da ita? A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba, har ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima da shi. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, hukuncin da ya shafi mai gaskiya da mai ƙarya baki ɗaya. Wanda ya karanta likita a waje kuma ba zai taɓa majinyaci a ƙasar nan ba sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci ta Nijeriya. Wasiƙa guda zuwa ma'aikatar kafin a biya ko kwabo ta isa ta hana cinikin biri a sama.

Gwamnatoci ma suna da nasu kason. Ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha da Maroko da Hangari da sauransu bisa yarjejeniyar musayar ilmi sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus, har a 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar daina tura sababbi. Gwamnatin da ba ta da tabbacin biya har ƙarshe, gara kada ta ɗaga yaro daga gaban iyayensa. Abin da ya fi dacewa da hukuma shi ne ta yi wa dillalan nan rajista, ta tilasta musu bayyana jami'ar da take biyansu, ta riƙa buga sunayen makarantun ƙetare da ta amince da su a inda kowa zai gani, da Turanci da harsunan ƙasa. Makarantun sakandare kuma su ware malami guda wanda zai zauna da 'yan ajin ƙarshe ya nuna musu yadda ake cika waɗannan takardu. Tallafin karatu na Chevening, wanda yake ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda a Birtaniya ga mai ƙwarewar aiki ta shekara biyu, da na Commonwealth, da na DAAD a Jamus, duk mutum da kansa yake nemansu, kuma dillali ba shi da ta cewa a wurin masu zaɓe.