An sayi rana, ana neman inuwa

Wani ɗan'uwanmu da Allah ya buɗa wa a Abuja ya dawo Mahuta ya gina gida a bakin hanyar Koko zuwa Dabai. Allah ya sanya albarka. Abin da ya hana ni sakat shi ne falon da ya manna ta yamma, gilashi tun daga ƙasa har rufi. Daga azahar ba mai iya zama a ciki. Makon nan sai ga mota ta sauke labulayen roba, irin waɗanda ake jan zare su naɗe sama, da yaron da zai kafa su, duka daga Abuja.

Turawan da muka kwaikwaya suna da dalilinsu. Ɗakin gilashi tarkon zafi ne: haske ya shiga, ɗumi ya rasa hanyar fita. Katafaren gidan gilashin da aka kammala a lambun Kew a 1848 an yi shi ne don itatuwan ƙasashen zafi su rayu a sanyin Landan. To mu da ma'aunin zafi ke haura 40 a Maris da Afrilu, wane ɗumi muke tarawa?

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a tsohon birnin Kano, ginin da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, ya san yadda jiki ke saki da zarar an ƙetare zaure. Bangon tubali ne mai kauri, sai dare yake sakin zafin da ya sha da rana. Rufin azara ne can sama. Tagogi 'yan mitsi-mitsi, su ma an ɗaga su inda iska mai zafi ke taruwa. A gidajen talakawan unguwar kuwa asabari ke ƙofar ɗaki: ya tare hasken, ya bar iska ta ratsa, uwargida na ciki tana ganin mai shigowa shi ba ya ganinta. In an so a naɗe shi sama. Aikin da labulen Abuja ke yi ke nan, sai dai shi roba ne, iska ba ta ratsa shi. Da ƙasa da azarar nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gini na zuwa kallo.

Na sani, ruwan ƙasarmu ta Zuru ya fi na Kano, kuma ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara.

Amma raini ne ke damunmu, ba damina ba. Na sha kuka kan Ƙofar Na'isa ta Kano da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi. Wanda ya iya sa katafila a ƙofa mai ɗaruruwan shekaru ba zai tsaya tambayar me ya sa kakansa ya ƙanƙanta taga ba. Masu zanen gidajen namu ma jami'a suka je, sun san inda rana ke faɗuwa. Hoton da maigida ya nuna musu a waya kawai suke kwafa, su karɓi kuɗinsu su kama gabansu. Da da hali, duk wanda ya zana bangon gilashi ta yamma, sai a zaunar da shi a ciki ƙarfe uku na ranar Afrilu, ba wuta ba janareta, kafin a biya shi cikon kuɗinsa.