Ba Kowane Tari Ne Tarin Fuka Ba

Jama'a, a wannan mako za mu duba sankarar huhu ne, da yadda likitoci ke gane ta.

A ce wani magidanci a Adogi ya yi wata biyu yana tari, yana ramewa, har jini ya soma fitowa cikin kakinsa. In an kai shi asibiti a Lafiya, abin da za a fara zato shi ne tarin fuka. Ba laifi, don shi ya fi yawa a ƙasarmu. Amma inda gizo ke saƙa, ita ma sankarar huhu da waɗannan alamu take zuwa, hoton ƙirji kuwa inuwa kurum yake nunawa, ba ya faɗin sunanta. Sai bawan Allah ya share wata shida yana haɗiyar magani, ciwo na cinsa.

Abin da ke raba gardama shi ne a yanko ɗan tsoka daga inda ciwon yake, ko dai da siririn bututu ta maƙogwaro, ko da allura ta ƙirji, a duba shi a madubin likita. A nan ake sanin irinta. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wajen kashi 15 cikin ɗari ke nan, kusan duk a jikin mashaya taba. Saurin yaɗuwa gare ta, shi ya sa ba a cika yi mata fiɗa ba, sai magani da gashi. Sauran kashi 85 kuwa, in an tare su da wuri ana iya yanke ɓangaren huhun da ya kamu. A cikinsu ne ake da wadda ake kira adinokasinoma, ita ce ta fi kama waɗanda ba su taɓa busa sigari ba. Kada dai uwargida mai wuni cikin hayaƙin murhu ta ce ba ruwanta.

A 2022 cutar ta kashe mutum wajen miliyan 1.8 a duniya, babu sankarar da ta kai ta kisa.

A ganina, wanda aka auna kakinsa ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, ko ya yi wata biyu a kan magani babu sauƙi, kada 'yan'uwansa su ji nauyin likita. Su roƙi takardar zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko asibitin koyarwa na Shika, Zariya, a yi masa wannan gwaji.